Hobannes Tumaniyan, Akawun Da Ya Zama Mawaƙin Armeniyawa Duka

A filin nan namu na tarihin manyan mutanen duniya mun saba kawo wa masu karatu labarin sarakuna da mayaƙa da masu mulki. Yau kuwa za mu kawo labarin wani mutum wanda bai taɓa hawa gadon sarauta ba, ko makarantar da aka sa shi ma bai sami ikon gamawa ba. Sunansa Hobannes Tumaniyan, mutumin ƙasar Armeniya. Hobannes a bakinsu shi ne Yahaya a namu bakin. Da aikin akawu ya fara neman abinci, amma ga shi yau fiye da shekara 100 da rasuwarsa, da wuya a sami yaron makaranta a ƙasarsu wanda bai haddace wani abu daga cikin waƙoƙinsa ba. In mun ce mawaƙi, kada a zaci irin na kiɗa da roƙo mu ke nufi. Shi mawaƙin alƙalami ne, mai tsara baitoci a takarda.

ƘASAR DA MUTANENTA

Armeniya ƙaramar ƙasa ce ta duwatsu a yankin Kaukasas. Jojiya na arewa da ita, Iran na kudu, Turkiyya na yamma, Azarbaijan na gabas. Faɗinta wajen murabba'in mil 11,500 ne, mutanenta kuwa wajen miliyan 3, amma waɗanda ke zaune a ƙasashen waje sun fi na gida yawa. Kirista ne, suna da majami'arsu ta kansu, suna kuma da nasu baƙaƙen rubutu, waɗanda wani malaminsu Mesrob Mashtots ya tsara a shekarar 405, baƙi 36.

Sa'ad da aka haifi Tumaniyan ba wata ƙasa mai mulkin kanta da a ke kira Armeniya. An raba mutanen biyu. Na yamma suna ƙarƙashin Sarkin Musulmi na Istambul, na gabas suna ƙarƙashin Sarkin Rasha, wanda a ke kira Zar. Birnin da masu ilminsu da attajiransu na gabas suka fi taruwa shi ne Tifilis, wanda yanzu a ke kira Tibilisi, babban birnin Jojiya. A can ne makarantunsu da jaridunsu da ma'aikatun ɗab'insu su ke, a can kuma mutumin namu ya yi yawancin kwanakinsa.

HAIHUWARSA DA ƘURUCIYARSA

An haife shi ran 19 ga Fabrairu 1869 a wani ƙauye mai suna Diseg, cikin lardin Lori. Ƙauyen na bisa tudu, ƙarƙashinsa ga wani kwazazzabo mai zurfi inda kogin Debed ke gudu, kewaye da shi duk kurmi ne da makiyaya. Ubansa Aslan shi ne limamin majami'ar ƙauyen, an kuwa san shi da kyauta da son baƙi. Uwarsa Sona gwanar tatsuniya ce. Su takwas ta haifa, Hobannes ne na fari. Tun yana ƙarami kunnensa ya cika da labarun tsofaffi da waƙoƙin makiyaya da karin maganar manoma, wannan kuwa shi ne jarin da ya yi ta juyawa har ƙarshen ransa.

Ya fara karatu a makarantar ƙauyensu daga 1877 zuwa 1879, sa'an nan aka kai shi ta Jalalogli, garin da yanzu a ke kira Sitefanaban, ya yi shekara 4. A can ya tsara waƙarsa ta fari, yana da shekara wajen 12. A 1883 ya shiga makarantar Narsisiyan ta Tifilis, wadda ta fi kowace makarantar Armeniyawa ta yankin suna a zamanin. Amma hannun ubansa bai kai ba, tilas a 1887 ya bar makaranta ba takardar shaidar gamawa. Tun daga ran nan bai sake zama gaban wani malami ba. Abin da ya sani bayan wannan, shi ya koya wa kansa da karatun littattafai.

AKAWU A TIFILIS

A 1888, yana da shekara 19, ya auri wata yarinya mai suna Olga. Allah ya ba su 'ya'ya 10, maza 4, mata 6. Don ya ci da iyali ya kama aikin akawu a ofishin shari'ar majami'ar Armeniyawa na Tifilis, daga baya ya koma ofishin wata ƙungiyar masu buga littattafai, ya zauna nan har 1893. Da rana yana juyar takardun ofis, da dare yana tsara baitoci. Littafinsa na fari na waƙoƙi ya fito a Masko a 1890, na biyu a 1892, nan da nan masu karatu suka gane wani sabon murya ya ɓullo.

Abin da ya bambanta shi da na gabansa shi ne harshe. Armeniyawa suna da wani tsohon harshe na littattafai da na addu'a, wanda sai malamai ke ganewa. Tun wajen 1841 wani marubuci mai suna Hacatur Abobiyan ya fara rubutu da harshen da mutane ke magana da shi a kasuwa da gona. Tumaniyan ya ɗauki wannan hanya ya kai ta matuƙa. Ya riƙa rubutu yadda tsohuwa a ƙauye za ta ji ta gane, masani a birni kuma ya karanta ya rasa abin gyarawa. Duk wanda ya taɓa gwada rubuta wasiƙar ofis ta yadda talaka zai fahimta ba tare da ta zube a idon manya ba, ya san wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Daga 1893 ya bar aikin albashi ya dogara ga alƙalaminsa. Rubutu kuwa ba ya cika rumbu, balle ga mai gida cike da 'ya'ya da baƙi. Yawancin shekarunsa a gidan haya ya yi su, bashi bai cika rabuwa da shi ba, duk da haka bai daina sayen littattafai ba, ƙofarsa kuma ba ta rufuwa.

ABIN DA YA RUBUTA

Za mu ɗan gutsura wa masu karatu kaɗan daga cikin ayyukansa, don a ga irin tunaninsa.

Wadda ta fi suna ita ce doguwar waƙarsa mai suna Anush, wadda ya fara a 1890, ya sake ta ɗungum bayan shekara 10 da wani abu. Labarin wata budurwa ce ta ƙauye da wani makiyayi, Saro, wanda ke sonta. A wajen wani biki aka sa Saro kokawa da Mosi, wan yarinyar, abokinsa kuma. Al'adar wurin ita ce aboki ba ya kai bayan abokinsa ƙasa a gaban jama'a. Saro ya hangi Anush tana kallo, zuciya ta ɗebe shi, ya kā da Mosi. Mutane suka yi dariya, Mosi ya ɗauki abin cin mutunci ne wanda sai jini ke wankewa. Ya bi sawun Saro har ya harbe shi, Anush ta haukace, ta faɗa kogin Debed. Tumaniyan bai zagi kowa a cikin waƙar ba. Ya nuna dai yadda tsoron bakin mutane ke sa mutumin kirki ya kashe wanda ya ke ƙauna.

Akwai kuma labarin Gikor. Wani talaka, Hambo, ya ɗauki ɗansa mai shekara 12 ya kai shi Tifilis ya ba wani attajiri mai kantin yadi, wai ya yi masa barantaka ya koyi ciniki ya zama mutum. A gidan aka yi ta zaginsa da dukansa, da sanyin hunturu a ke tsai da shi ƙofar kanti yana kiran masu saye, har ciwo ya kama shi. Uban ya zo ya tarar da shi a bakin mutuwa. Da ya juya gida da 'yan tufafin yaron, sai ya sami maɓallai masu ƙyalli da 'yan guntayen takardu masu launi a aljihu, waɗanda yaron ya ke tarawa don ya kai wa ƙanwarsa tsaraba. An yi siliman wannan labari sau biyu, a 1934 da 1982. Ya kamata iyayen da ke tura ƙananan 'ya'yansu birni hannun wanda ba su san halinsa ba su ji shi.

A 1902 ya mai da labarin Dawuda na Sasun waƙa. Wannan tsohon labarin jaruntaka ne da Armeniyawa suka gāda baki da baki, ba a rubuta shi ba sai 1873. A cikinsa Dawuda na cikin karkashe rundunar Sarkin Misira, sai wani tsoho daga cikinsu ya tare shi, ya tuna masa cewa waɗannan talakawa ne da aka raba da gonakinsu da iyalinsu tilas, in yana da faɗa ya je ya yi da sarkin da ya kawo su. Dawuda ya ji, ya tafi suka kara da sarkin su biyu, ya sallami sauran su koma gida.

Ga yara kuwa ya rubuta tatsuniyoyi da yawa. Akwai ta Kare da Kyanwa, inda kyanwa ke sana'ar ɗinkin hula, kare ya kawo mata fatar ɗan rago, ta yi ta ce masa ya dawo gobe har fatar ta bi ruwa, gabarsu ta samo asali. Akwai ta Nazar Jarumi, wani matsoraci wanda ya kashe ƙudaje da mari ɗaya, ya sa aka rubuta yawansu a tuta ba a faɗi ko mene ne ya kashe ba, sa'a ta yi ta tura shi har ya zama sarki. Bayan wannan ya fassara waƙoƙin Fushkin da Larmantof na Rasha, da na Bairon na Ingila, da na Gote na Jamus, da tatsuniyoyin 'yan'uwan nan biyu Jamusawa masu suna Girim.

ZAUREN BENE DA LITTAFIN MAKARANTA

A 1899 ya buɗe wani zama na marubuta a gidan da ya ke haya a titin Bebutof, can hawa na biyar. Don haka suka sa wa zaman suna Bernatun, watau ɗakin bene. Cikin masu zuwa akwai Gazaros Agayan, da Abetik Isahakiyan, da Lebon Shant, da Derenik Demirciyan, da Nikol Agbaliyan, dukansu kuwa sun zama manyan marubutan Armeniyawa. Su kan karanta littattafan magabata na ƙasashe dabam dabam su tattauna, kowa kuma ya karanta abin da ya rubuta sauran su yi masa gyara. Zaman ya ɗore har wajen 1908.

A shekarun nan makarantun Armeniyawa na cikin wahala. Gwamnatin Zar ta sha rufe su, a 1903 ma ta ƙwace dukiyar majami'arsu wadda da ita a ke riƙon makarantun, ba ta mayar ba sai 1905. Da aka sake buɗewa sai aka ga ba littafin karatu mai kyau na harshen yara. Tumaniyan da Lebon Shant da wani malami, Sitefan Lisitsiyan, suka haɗu suka shirya littafin koyon karatu mai suna Lusaber, watau mai kawo haske, ya fara fita a 1907. Ga babban mawaƙin al'umma, amma bai ga ƙasƙanci ba ne ya zauna yana auna kalmomin da ɗan aji ɗaya zai iya haɗawa.

FARAR TUTA

A 1905 mulkin Zar ya girgiza, tarzoma ta tashi ko'ina a Rasha. A yankin Kaukasas kuwa abin ya juye ya zama faɗa tsakanin Armeniyawa da maƙwabtansu Musulmi, waɗanda a zamanin a ke kira Tatar, yanzu kuwa Azarbaijanawa. An fara a Baku cikin Fabrairu 1905, wutar ta bazu gari gari har cikin 1906. Dubban mutane suka hallaka daga kowane gefe, aka ƙone ƙauyuka, hukuma kuwa sau da yawa ta naɗe hannu tana kallo.

Tumaniyan ya bar takardunsa a Tifilis ya koma Lori. Ya hau doki da farar tuta, ya riƙa bin ƙauyukan Armeniyawa da na Musulmi, yana zama da dattawan kowane gefe, yana kwaɓar samarin nasa mutanen kada su taɓa maƙwabci, yana neman alkawari daga wancan gefen kuma. Ta haka yankin nasu ya tsira daga irin ɓarnar da aka yi a wasu wurare. Shi kansa daga baya ya ɗauki wannan aiki da girma fiye da waƙoƙinsa.

Sakayyar da ya samu daga hukuma ita ce kurkuku. A ƙarshen 1908 aka kama shi tare da masu ilmin Armeniyawa da yawa, bisa tuhumar suna ƙulla wa gwamnati makirci, aka tsare shi watanni a kurkukun Meteki na Tifilis. Aka sake shi, a 1911 aka kuma kama shi, aka kai shi Fitasbag, babban birnin Rasha na lokacin. Da aka yi shari'a a 1912 ba a same shi da laifi ba. A shekarar nan marubutan Armeniyawa na Kaukasas suka kafa ƙungiya suka zaɓe shi shugaba.

A tsakanin kamun nan biyu, a 1909, ya fitar da waƙar Ɗigon Zuma. Asalinta tsohuwar almara ce, waɗanda suka karanta Dare Dubu da Ɗaya ma za su tuna da irinta. Makiyayi ya shiga kantin wani ƙauye da karensa sayen zuma. Ɗigo ɗaya ya zuba ƙasa, ƙuda ya sauka a kai, kyanwar mai kanti ta daka wa ƙudan tsalle, kare ya kashe kyanwa, mai kanti ya kashe kare, makiyayi ya kashe mai kanti, mutanen gari suka kashe makiyayi. Ƙauye ya tasam ma ƙauye, da ya ke kuwa kowanne na ƙarƙashin sarki dabam, sai sarakunan biyu suka ɗaura yaƙi. Bayan yaƙi yunwa, bayan yunwa annoba, waɗanda suka ragu suna tambayar juna mafarin abin, ba mai iya faɗa. Wanda ya ga abin da ya faru a 1905 ya san ba don yara kaɗai ya tsara ta ba.

MARAYUN ECMIYAZIN

A 1914 Yaƙin Duniya na Farko ya tashi, Rasha da Turkiyya suka kara. A 1915 gwamnatin Istambul ta tashi Armeniyawan da ke ƙasarta daga garuruwansu, aka karkashe maza, aka kora mata da yara zuwa hamadar Sham. Masana tarihi suna ƙiyasta waɗanda suka mutu daga 600,000 zuwa miliyan ɗaya da rabi. Ƙasashe da yawa sun kira abin kisan ƙare dangi, gwamnatin Turkiyya kuwa ba ta yarda da wannan suna ba. Waɗanda suka kuɓuta ta gabas suka kwararo cikin ƙasar Rasha, dubbai suka zube a Ecmiyazin, garin da babban shugaban addininsu ke zaune, ga yunwa, ga cuta, ga marayu ba iyaka.

Tumaniyan ya tafi can da 'yarsa Nabard. Suka shiga aikin neman abinci da magani da makwanci, da tattara yaran da ba su da kowa. Armeniyawa suna ba da labarin cewa wata rana aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, 'yan gudun hijira na kwance a fili, ga kuwa wani sabon gida da aka gina wa shugaban addinin yana kulle. Tumaniyan ya sa aka buɗe, mutane suka shiga. Shugaban ya yi fushi, ya tuna masa cewa shi ne uban Armeniyawa duka, Tumaniyan kuwa ya mayar masa da cewa shi ma mawaƙin Armeniyawa duka ne. Laƙabin nan ya bi shi, da shi a ke kiransa har yau.

Yaƙin bai bar gidansa ba. A 1918 aka kashe ɗansa Artabazd. A watan Disamba na shekarar kuma sababbin ƙasashen Armeniya da Jojiya suka gwabza a kan iyaka, a kan lardin Lori ɗin nan inda aka haife shi. Mutumin da aka haifa a Lori, ya tsufa a Tifilis, yana da aminai a kowane gefe, ya fito fili ya la'anci yaƙin, ya yi kira a ajiye makamai. A shekarun nan ne ya koma tsara gajerun waƙoƙi masu ɗango huɗu huɗu, a kan mutuwa da ƙarewar duniya da ikon Mahalicci.

ƘARSHEN KWANA

A ƙarshen 1920 Armeniya ta shiga hannun 'yan Kwaminis na Rasha. Ƙasa ta lalace, yunwa ta yi tsanani. A 1921 aka kafa wani kwamiti na taimakon Armeniya, aka ba Tumaniyan shugabanci. Da kaka ya tafi Istambul neman gudummawa wajen Armeniyawan da ke can, ya yi watanni, ya komo ba lafiya. A 1922 aka yi masa aiki, ya ɗan sami sauƙi, ciwon ya sake tashi. Aka kai shi asibiti a Masko, a can ya cika ran 23 ga Maris 1923, yana da shekara 54. Aka kawo gawarsa Tifilis aka binne a maƙabartar Hojibank, inda manyan marubutansu ke kwance. Zuciyarsa kuwa an cire an adana dabam, a 1994 aka kai ta Diseg aka binne a farfajiyar gidan da aka haife shi.

Uwarsa Sona ta rayu bayansa har 1936. Sauran 'ya'yansa maza uku, Musheg da Hamlik da Areg, duk sun hallaka a kamun da gwamnatin Sitalin ta yi ta yi daga 1937 zuwa 1939. Watau gwamnatin da ke buga littattafan uban tana sa wa tituna sunansa, ita ce ta cinye 'ya'yansa. Matarsa Olga da 'ya'yansa mata su suka tsare takardunsa da littattafansa da kayan ɗakinsa, ba don su ba da abin da za mu faɗa nan gaba bai samu ba.

GIDAN TUNAWA DA SHI

A Yereban, babban birnin Armeniya, a titin Moskobiyan lamba 40, akwai gidan ajiye kayan tarihinsa, wanda aka buɗe a 1953. Sai a lura, shi Tumaniyan bai taɓa zama a cikinsa ba, an gina shi ne musamman don tunawa da shi. Mai ziyara zai hau matakala mai taki 54 kafin ya kai ƙofa, kowane taki a madadin shekara ɗaya ta ransa. A ƙasa an jera hotuna da wasiƙu da rubuce-rubucensa na hannu da bugun farko na littattafansa, bi da bi tun daga Diseg har Masko. A bene kuwa an shirya ɗakuna daidai yadda gidansa na ƙarshe a Tifilis ya ke, da ainihin kayan da aka kwaso daga can: teburin rubutunsa, da ɗakin baƙi, da babban teburin cin abinci na mai 'ya'ya goma. Abin da ya fi tsai da mutum shi ne ɗakin littattafansa, wajen 8,000, waɗanda mutumin da bai gama makaranta ba ya tara da kuɗin guminsa. 'Ya'yansa mata biyu, Ashken da Tamar, sun riƙe shugabancin gidan ɗaya bayan ɗaya. Gidan da aka haife shi a Diseg shi ma an mai da shi gidan tarihi tun 1939.

Wanda ya fito daga nan, tafiyar 'yan mintoci da ƙafa za ta kai shi Kaskad, wata ƙatuwar matakala ta farin dutse mai taki 572, wadda ta hau gefen tudu, da lambuna da maɓuɓɓugan ruwa hawa hawa. A gindinta akwai mutum-mutumin Alekzanda Tamaniyan, mai zanen gine-ginen da ya tsara fasalin birnin. Kada kamar suna ta ruɗe mu, shi dabam, mawaƙin dabam. In gari ya yi garau, daga ƙwanƙolin matakalar a kan hangi dutsen Ararat, mai tsawon ƙafa 16,854, kansa fari fat da ƙanƙara. Armeniyawa sun ɗauke shi alamar ƙasarsu, ko da ya ke yana cikin iyakar Turkiyya. Littafin Kirista ya ce a kan duwatsun Ararat jirgin Annabi Nuhu ya tsaya, Alƙur'ani mai girma kuwa Judi ya ambata.

Kudu kaɗan da Kaskad ga babban gidan wasan kwaikwayo na waƙa, wanda aka buɗe a 1933. A filin gabansa akwai mutum-mutumin Tumaniyan a zaune, kusa da na Alekzanda Sifendiyariyan, wanda ya ɗauki wata waƙar Tumaniyan ya yi mata kiɗa ta zama wasa mai suna Almast. Ita ma Anush wani gwanin kiɗa, Armen Tigraniyan, ya mai da ita wasa tun 1912, har yanzu kuwa tana cikin waɗanda Armeniyawa suka fi so.

A ƙarshen titin Mashtots ta wajen tudu akwai Matenadaran, taskar tsofaffin littattafan hannu, inda aka adana dubbai, yawancinsu na Armeniyanci, amma har da na Larabci da Farisanci. In aka gangaro titin nan kuma za a iske Shuɗin Masallaci, wanda aka gina wajen 1765 zamanin da Farisawa ke mulkin birnin, aka gyara shi da taimakon Iran bayan Armeniya ta sami mulkin kai a 1991.

ABIN LURA

A 2019 hukumar UNESCO ta sa cikar Tumaniyan shekara 150 da haihuwa cikin ranakun da duniya ke tunawa. Akwai gari da tituna da makarantu masu sunansa, an kuma taɓa buga hotonsa a takardar kuɗinsu.

Mu dai abin da muka gani a tarihin nan uku ne. Na fari, rashin takardar shaida bai hana shi ilmi ba, gama bai yarda ranar barin makaranta ta zama ranar barin karatu ba. Na biyu, bai raina maganar tsofaffin ƙauyensu ba, ya ɗauke ta ya rubuta ya gyara, ga shi ta rayu bayan su da shi duka. Malamin makarantar da ke zaune a ƙauye, da akawun da ke fita rangadi, kowannensu na jin irin wannan dukiya kullum, tana kuwa tafiya kabari tare da masu ita in ba a sami mai rubutawa ba. Na uku, ran da maƙwabta suka zare wa juna wuƙa, bai tsaya yana lissafin wa ya fara ba, ya shiga tsakani, ya kuwa fara da kwaɓar nasa. Ya sha ɗauri a kan haka, amma ƙauyukan da ya bi da farar tuta sun kwana lafiya. Masu iya magana sun ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Allah ya ba mu masu shiga tsakani tun ɗigon zuma bai zama yaƙi ba, amin.